Wanda Ya Raba Tagwayen Ɗakin Saba

Tun kafin ma'aikatan asibitin su gama zama a kujerunsu labari ya zaga: an yi sata a ɗakin saba, inda manyan kwamfutocin da ke riƙe da bayanan asibitin suke. Kwamfutocin ɗakin gwajin jini sun tsaya cik, na ɗakin hoto sun bi su, likitoci sai latse-latse suke yi suna tsaki, layin marasa lafiya har ya sauka matakala. Da aka buɗe bayan sabon akwatin da aka kafa, sai aka tarar ɗaya daga cikin na'urori biyun da ke raba masa hanya ta yi ƙafa, an cusa wata tsohuwa a gurbinta.

Wai kuma kowa ya san ɓarawon. Mai shara ta sani, mai tura keken marasa lafiya ya sani, har waɗanda ba su taɓa ganin ƙofar ɗakin ba sun sani. Ai wanda ya kafa akwatin ne, ma'aikacin kamfanin nan mai yawan murmushi. Ba shi ke da katin shiga ba? Aka je aka buɗe bayan motarsa, aka ga kwalin na'urar babu komai a ciki, shi ke nan magana ta ƙare. 'Yan sanda suka zo suka tasa ƙeyarsa, mutane na bin sa da "Allah wadai".

Abin da ba su sani ba, wannan mai murmushin autan gidan su Tururuwa ne.

Tururuwa ba sunanta ba ne, abokan sana'a suka laƙaba mata. In sadarwa ta ɓace a wani gini, ko aka taɓa kayan aiki aka rasa wanda ya taɓa, ita ake kira. Sai ta kama waya daga bakinta ta yi ta bi, ta ƙarƙashin tebur, ta cikin silin, ta bayan bango, har sai ta isa inda ɓarnar take. Ta kan ce kowane ma'aikaci yana barin sawunsa a jikin waya, ko ya so ko bai so ba. Ba ta da haƙuri, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba.

*

Ta same shi a ofishin 'yan sanda, zaune a ƙasa a bayan kanta, an karɓe masa takalmi da ɗamara. Mutum mai mata da 'ya'ya, ga shi ya takure a lungu yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Ranta ya yi baƙi ƙirin.

"Yaya, wallahi ban ɗauka ba."

"Rufe mini baki, wa ya tambaye ka? Kwalin fa, me yake yi a motarka?"

"Duk kwalayen na kwashe da na gama aiki. Haka kamfani ya ce a riƙa yi."

"Shi ne ka yi ta yawo da su a gari kamar kayan lefe? Kai dai ba ka taɓa yin wayo ba tun kana goye."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce an gaya masa za a kai shi kotu, kamfaninsu kuma ya riga ya aiko an karɓi katinsa na aiki. Ita ta san abin da wannan ke nufi. A sana'arsu in aka ce ka taɓa kayan mutane, ko kotu ta wanke ka, babu wanda zai sake ba ka mabuɗin ɗakinsa har ka mutu.

"Gaya mini yadda ka bar akwatin."

Nan bakinsa ya buɗe, don Auta in dai maganar aiki ce ba ya in'ina. Akwati ne kamar doguwar kabad, sabobi na shiga ta gabansa kamar durowa. A bayansa akwai suwic biyu, su ne masu raba hanya, kowace saba sai ta cikinsu take magana da duniya. Irin na zamani ne, su suke tsara kansu, ba a zama a yi ta buga musu umarni. Abin da suke buƙata kawai su zama tagwaye na gaskiya, iri ɗaya, manhaja ɗaya, a haɗa su da juna da wayoyi biyu, a kuma ba su layin da mai kula zai riƙa duba su. In an yi haka sai su gane juna su raba aiki.

"Wa ka miƙa wa?"

"Malam, babban injiniyansu. Har ya ce in nuna masa inda ake buga umarni, na ce masa ai wannan ba ya karɓar hannu. Ya yi dariya ya ce zamani."

Sufeton 'yan sandan ya san ta, ta taɓa bi musu sawun wata ɓarna. Ya ce shi kwali ya gani, kwali kuma ya isa hujja, amma in ta kawo abin da ya fi kwali zai saurara.

*

Daraktan asibitin bai so ta shiga ba. Ya ce ita 'yar'uwar wanda ake zargi ce, yaya za a ba ta ɗaki?

"Ranka ya daɗe, rabin asibitinka a kwance yake. Akwai wanda ya tayar maka da shi?"

Babu. Ya miƙa mata kati yana hura hanci.

A bakin ɗakin saba ta tarar da Malam, babban injiniyan asibitin, da farin gashinsa da tabarau rataye a wuya. Shi ya koya mata aiki tun ba ta san bambancin wayar wuta da ta sadarwa ba. Shi ya tsaya mata lokacin da ake cewa mace ba ta hawa tsani. Duk zafin kanta, in ta gan shi sai ta rusuna.

"Tururuwa, sannu. Wannan abu bai yi daɗi ba."

"Malam, kai ma ka yarda Auta ne?"

"Ni ban ce ba. Amma mutum ba a shaidarsa, 'yata. Ki bari hukuma ta yi aikinta."

Maganar ta soke ta, ta haɗiye. Ta tambayi kyamarar ɗakin, ya ce hotunanta a kan sabar da ta faɗi ake ajiye su, babu abin da ya rage. Ta tambayi wa da wa ke shiga, ya ce shi, da Auta, sai mai gyaran na'urar sanyi. Tsohuwar suwic ɗin kuwa daga sito ta fito, wurin Uwar Sito, matar da ke riƙe da shi.

"Kada ki taɓa komai a bayan akwatin," ya ce. "Da kyar rabin da ya rage yake tsaye."

*

Mai Sanyi ta fara nema, don mai shara ta rantse ta gan shi ya fito daga ɗakin da ƙatuwar jaka yana waige-waige. Ta same shi a bayan gini yana wanke ragar na'urar sanyi. Da ya ji tambayar sai ya hau kame-kame, ya ce bai shiga ba, ya dawo ya ce ya shiga amma bai daɗe ba, ya sake cewa ba ranar ba ce.

"Malam, ƙanena yana kulle. Ka ƙara yi mini ƙarya ɗaya, da kaina zan ja ka zuwa wurin Sufeto."

Ya kalli hagu ya kalli dama. "Hajiya, ki rufa mini asiri. Barci nake shiga yi."

"Barci?"

"In rana ta take. Duk ginin nan babu inda ya kai ɗakin nan sanyi. Abin da ke cikin jakar filo ne da bargo."

Ya buɗe jakar, ga filo ya yi baƙi da dauɗa. Da wata rana ce da ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta nuna masa hoton suwic a wayarta, ya ce shi ya ɗauka rediyon mota ce. Ta bar shi tana tsaki.

Uwar Sito kuwa tun kafin a tambaye ta ta hau faɗa. Ta ce ita shekara da shekaru tana riƙe da kayan asibitin nan ko allura ba ta taɓa ɓata ba, yau an zo ana yi mata kallon ɓarauniya.

"Ni ban kira ki ɓarauniya ba, Inna. Tsohuwar na'urar daga ɗakinki ta fita."

"To mabuɗin a zanena yake kwana? Ga shi can a jikin ƙusa a ofis, kowane ɗan iska sai ya zara. Na yi magana har na gaji."

Ta kai ta inda na'urar take ajiye a da, can saman kanta, bayan wasu matattun firinta. Tururuwa ta tsaya tana kallo. Ba a hargitsa komai ba. Wanda ya ɗauka bai yi lalube ba, ya san inda take, ya kuma mayar da firintocin yadda suke.

"Auta ya taɓa shigowa nan?"

"Ƙanen naki? Ko ƙofar bai sani ba. Amma hali sai mai shi." Uwar Sito ta taɓe baki. "Ni dai tun da aka kawo akwatin nan ban ga alheri ba. Malam ma ya daina zama da mu, kullum yana ƙunshe a ɗakin nan kamar mai jinya."

Daga nan ta wuce bakin ƙofar asibiti. Baba mai gadi tsohon soja ne, ya ce tun da Darakta ya ci masa mutunci a kan wani fanka da ya ɓata, babu jakar da ke wucewa bai zazzage ta ba, babu motar da bai buɗe bayanta ba.

"Ta ƙanen nawa fa?"

"Na buɗe. Kwalaye ne, na ɗaga su ɗaya-ɗaya, iska ce a ciki."

"Ka faɗa wa 'yan sanda?"

"Wa ya tambaye ni? Sun zo da amsarsu a aljihu."

Ta gwada masa tsawon na'urar da hannuwanta, ta kai tsawon hannun mutum, ga nauyi. Ya girgiza kai, ya ce abu irin wannan bai fita ta gabansa ba, ko a cikin riga aka sa shi. Ashe kayan bai bar ginin ba.

*

Ta koma ɗakin saba lokacin da Malam ya tafi wurin Darakta. Ta rufe ƙofa, ta zagaya bayan akwatin, ta durƙusa da ƙaramar fitilarta. Ga sabuwar suwic tana ta ƙifta jan ido tana neman 'yar'uwarta. Ga tsohuwar a gefenta, ta shiga gurbin daidai amma ba jinsinsu ɗaya ba, ba za su taɓa gane juna ba.

Ta fara bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. An mayar da kowace a raminta, ba kuskure ko ɗaya. Ɓarawo mai sauri ba ya wannan tsabta. Ta iso kan wayoyi biyun da ke haɗa tagwayen. Ta farko tana ciki, baki da baki. Ta biyun bakinta ɗaya ne a jikin sabuwar na'ura. Ta bi ta da yatsa har bayan ƙarfen akwatin.

A can ta same ta. An naɗe ta a kan yatsu, an soke bakin ta cikin naɗin, an sa masa 'yar hular roba don kada ƙura ta shiga, an rataye ta inda ido ba zai kai ba.

Tururuwa ta zauna daɓas a ƙasa. Wannan naɗin nata ne. Haka take naɗe waya, kuma ta san wanda ya koya mata.

A zamanin tsofaffin na'urori, in ka haɗa suwic biyu da waya biyu ba ka daidaita su ba, saƙo sai ya shiga ta wannan ya fito ta waccan ya sake komawa, ya yi ta kewaye yana ninkuwa har ya shaƙe gini gaba ɗaya. Zobe suke kiran abin. Malam ya taɓa ganin zobe ya durƙusar da ma'aikata guda, tun daga ranar bai sake yarda da waya ta biyu ba. Duk wanda ya koyi aiki a hannunsa ya sha ƙotar sukundireba a bayan yatsu a kan wannan. Ka sa ɗaya, ka naɗe ɗaya, ka sa mata hula, sai ka gama daidaitawa.

Auta kuwa bai taɓa zama a gaban Malam ba. A kamfani ya koya, a kan sababbin na'urori masu tsara kansu, inda ake cusa duka biyun ba tunani. Da shi ya yi musanyar nan, da ya cusa su duka, da asibitin gaba ɗaya ya kwanta, ba rabi ba.

Ta so ta ƙaryata idonta. Ta ce wa kanta almajiran Malam suna da yawa a gari. Amma wane ne a cikinsu yake da katin ɗakin nan, ya kuma san saman kantar Uwar Sito?

Ta haska ƙasan ɗakin. Irin daɓen nan ne na faranti-faranti da ake ɗagawa, wayoyi na bi ta ƙarƙashi. A kan farantin da ke lungu, akwai zagayen tabo na robar da ake mannawa a ɗaga shi, sabo fil, ƙura ba ta hau ba. Ba ta ɗaga ba. Ta san abin da ke ciki.

Hawaye suka zo mata, na takaici zalla. Mutumin da ya dube ta ɗazu ya ce mata mutum ba a shaidarsa! Ta share fuska da bakin mayafi. Ta kai hannu ta zare ɗaya bakin wayar daga jikin sabuwar na'ura, kaɗan kawai, yadda ido zai ga tana ciki amma ba ta taɓa komai ba. Sannan ta kira Sufeto.

*

Ɗakin ya yi musu kaɗan. Darakta ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo. Uwar Sito ta harɗe hannu, Mai Sanyi ya yi tsuru-tsuru, Baba mai gadi ya ƙame kamar a fareti. Malam yana jingine da bango yana goge tabarau. Sufeto ya shigo da Auta da ankwa a hannu.

"Na ce a tara ku ne don kowa a nan an zarge shi ko ya zargi wani," in ji Tururuwa. "Mai Sanyi, kai laifinka daban, ku ƙarata da Darakta. Inna, ba ke ba ce, wanda ya shiga sitonki ya fi ki sanin inda kayan yake. Baba ya ce na'urar ba ta fita ƙofa ba, na kuma yarda da shi."

"To ina take?" Darakta ya katse ta. "Mu aiki muke so ya tashi, ba wa'azi ba."

"Yanzu zai tashi, ranka ya daɗe. Sufeto, a kwance masa hannu."

Sufeto ya kwance. Ta jawo naɗaɗɗiyar wayar daga maɓoyarta ta ɗaga kowa ya gani.

"Auta, mece ce wannan?"

Ya matso ya duba. "Ta biyun tagwaye ce. Wa ya cire ta? Ai ba a barin ɗaya."

"Mayar da ita."

Ya warware naɗin, ya cire hular ya jefar, ya nufi ramin tsohuwar na'ura da bakin wayar. Tururuwa ba shi take kallo ba. Hannun Malam ya daina goge tabarau. Bakin waya ya taɓa rami.

"Kai! Tsaya!" Malam ya yi tsalle ya cafke hannun Auta. "Za ka kashe asibitin! Ban daidaita ta ba tukuna, shi ya sa na bar ta a waje!"

Kowa ya juyo ya zuba wa Malam ido.

"Ka bar ta a waje," in ji Tururuwa. "Yaushe, Malam?"

Ya saki hannun Auta a hankali. Ta nuna masa ɗaya bakin da ta riga ta zare, don ya san asibitin bai taɓa shiga haɗari ba. Ta ɗauko robar ɗaga daɓe daga jikin bango ta ajiye a gabansa.

"Ɗaga na lungun. Ko in ɗaga?"

Shi ya ɗaga. Sabuwar suwic na kwance a cikin wayoyi, an lulluɓe ta da tsohon tawul.

Uwar Sito ta hau salati. Sufeto ya ce, "Sayarwa za ka yi?"

"Sayarwa?" Malam ya ɗago a fusace. "Ni? Matacciya ce! Ni na kashe ta." Ya ɗaga hannuwansa. "Tun kafin a haifi wasunku nake riƙe da sadarwar gidan nan da yatsun nan. An kawo mini akwati wai shi ke tsara kansa. In buga umarni ya ƙi karɓa. Ni da ɗakina, ƙarfe ya ce ba ya buƙatata! Na ce sai na shiga cikinta na ga abin da take taƙama da shi. Na tilasta mata wata manhaja, ta ɗauke wuta, ba ta sake tashi ba. Na sa tsohuwar don ta riƙe kafin in san dabara. Ban zaci rabin zai faɗi ba."

"Wannan duk na ji," in ji Tururuwa. "Kuskure ne, kowa na yi. Da ka kira ni, wallahi da na zo mun rufa wa juna asiri. Amma da aka buɗe motar Auta kana ina?"

Malam ya kawar da kai.

"Kana ina, Malam? Da aka sa masa ankwa ana ce masa ɓarawo, kana ina?"

"Ina tsaye," ya ce can ƙasa. "Na ɗauka za su sake shi. Yaro ne, zai samu wani aikin. Ni in aka ce na kashe na'ura don ban iya ba..."

"Yaro? 'Ya'yansa sun tambayi uwarsu ina babansu, ta rasa abin faɗa! Ka dube ni ido cikin ido ka ce in bar hukuma ta yi aikinta. Ni! Tir da wannan girma, Malam. Tir!"

Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau.

*

Darakta ya yi gyaran murya, ya jawo ƙofa ya rufe. Muryarsa ta yi laushi yanzu. Ya ce to alhamdulillahi kaya ya fito, babu sata. Malam dattijo ne, ya bauta wa asibitin nan, bai kamata a tozarta shi ba. Sai a ce an ga na'urar a wani lungu, a janye ƙara, Auta ya tafi gida, magana ta mutu a ɗakin nan.

"A ce an gan ta a lungu," Tururuwa ta maimaita. "Sai mutanen waje su ce me? Su ce ɓarawo ya ji wuta ya dawo da kaya, yayarsa ta zo ta yi masa hanya. Kamfaninsa su ce me? Ranka ya daɗe, sakin Auta ba shi ne wanke Auta ba."

"Haba, ki duba furfurarsa mana."

"Shi ya duba mutuncin ƙanena? A bainar jama'a aka shafa masa kashin kaji, a bainar jama'a za a wanke shi. In ba haka ba, Sufeto yana nan ya ji komai, ni kuma ba zan taɓa akwatin nan ba. Ku nemi mai tayar muku."

Sufeto ya ce shi dai abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Baba mai gadi ya ce shi ma in an tambaye shi wannan karon zai faɗa. Darakta ya ga babu mafita, ya ce to me take so.

"A kira kamfaninsu yanzu, a gabana, ka gaya musu da bakinka. Malam kuma ya ɗauki abin da ya ɓoye ya kai ofishinka da hannunsa. Duk wanda ya tambaye shi a hanya, ya ba shi amsa."

Malam bai yi musu ba. Ya durƙusa ya cire tawul ɗin, ya rungumo na'urar. Nauyinta ya rinjaye shi, gwiwarsa ta lanƙwashe, ya dafa ƙarfen akwati. Tabaransa ya zame ya faɗi.

Auta, da shatin ankwa a wuyan hannunsa, ya yi wuf ya miƙa hannu zai tallafa masa.

Tururuwa ta riƙe rigarsa ta baya. Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba.

"Bar shi," ta ce. "Bar shi ya ɗauka."

Ta buɗe ƙofar da kanta, ta matsa gefe ta ba malaminta hanya.